Silambulok: ƴar robar da ke cin taya, ta ci ribar ɗan kasuwa

Duk mai bin motocin cin kasuwa ya san wannan ƙara. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ta hau burji, ko tayar gaba ta faɗa rami, sai a ji ƙwal daga ƙarƙashin ƙafafun direba, kamar an buga taɓarya a turmin da babu hatsi. Fasinja su dubi juna, direba ya ce ba komai, a ci gaba da tafiya. Daga Maraɗi zuwa Dakoro, daga Damagaram zuwa Magarya, daga Tawa zuwa Ƙonni, mun saba da ƙarar nan har mun daina jin ta.

Sau da yawa abin da ke kukan wata ƴar roba ce da ba ta cika tafin hannu ba. Bakaniken Yamai zai ce maka silambulok. Na Maraɗi da ya yi koyon aiki a Katsina ko Kano zai ce bushin. Abu ɗaya ne. Kuɗinta bai kai na taya guda ba, amma idan aka bar ta ta mutu, tayoyin gaba biyu take fara ci, daga nan ta koma kan sauran kayan ƙafa. A wannan makon mun duba mana aikin wannan roba, yadda ake gane ta gaji, da yadda mai mota zai iya canza ta a gida. Za mu kuma faɗi inda aikin gida ya tsaya, domin akwai wurin da tsimi ke zama ganganci.

Mene ne aikinta?

Idan ka leƙa bayan tayar gaba ta ƙaramar mota irin Corolla, Carina ko Starlet, za ka ga wani ƙarfe mai kusurwa uku a kwance. Makanikai na kiransa triyangil. Kusurwa ɗaya tana riƙe da ƙafar taya ta hanyar rotil, wato gaɓar nan mai kan ƙwallo da ke juyawa kamar kafaɗar mutum. Sauran kusurwa biyun an ɗaure su a jikin mota, kuma a nan silambulok yake zaune: ƙarami ta gaba, babba ta baya. Ke nan yawancin irin waɗannan motoci suna da huɗu a triyangil ɗinsu, biyu dama, biyu hagu.

Yadda aka ƙera shi ba wuya. Bututun ƙarfe ne a ciki inda bulo ke ratsawa, zoben ƙarfe a waje, sai roba mai ƙarfi da aka manne tsakaninsu tun daga masana'anta. Idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, triyangil ya yi sama ya yi ƙasa, robar ce ke murɗewa ta shanye bugun. Sannan ita ce ke riƙe taya a saitinta, kada ta karkata ciki ko waje. Duk lokacin da direba ya taka birki, tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawar, kuma wannan ƙarfi ta cikin robobin nan yake bi kafin ya isa jikin mota.

Me ke kashe ta a ƙasarmu?

Na farko tsufa. Galibin motocin da muke hawa sai da suka gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su sauka a tashar jirgin ruwa su hau hanyar Nijar. Kamfanin Toyota ya daina ƙera tsohuwar Starlet tun 1999, don haka ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Roba kuwa ko ba a taɓa ta ba, shekaru na busar da ita.

Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce 40, roba tana ƙeƙashewa ta tsattsage kamar bakin tabki a ƙarshen rani. Na uku mai. Injin da ke yoyo yana ɗiga baƙin mai a kan triyangil, shi kuma mai yana narkar da irin wannan roba har ta yi laushi ta kumbura. Wanda ya canza silambulok bai toshe yoyon ba, ya shirya sake sayen wani.

Na huɗu hanya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne a kan babbar hanyar ƙasa ta 1, da ramukanta da tudun rage gudu a bakin garuruwa. Ga kuma burji mai gargada, wanda ke girgiza ƙafar mota ba hutu tun daga tasha har kasuwa. Na biyar kuwa laifinmu ne mu ƴan kasuwa, wato lodi. Ƙaramar mota an yi ta ne ta ɗauki abin da bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, har da mutanen ciki. Buhun hatsi ɗaya kilo 100 ne. A lissafa buhu huɗu a bayan mota, fasinja shida a ciki, da jarkokin man gyaɗa a sama. Duk sanda direba ya taka birki, wannan nauyi gaba yake turowa.

Alamomin da ba sa ɓuya

Ƙarar nan ta ƙwal a kan rami ita ce sallamar farko. Daga nan sai mota ta fara yawo a kan hanya miƙaƙƙiya, direba yana ta gyara sitiyari dama da hagu kamar mai korar awaki. Idan ya taka birki da ƙarfi, sai ta fizga gefe ɗaya. Wani lokaci sitiyari yana karkace alhali mota tana tafiya sak.

Babbar shaida tana jikin taya. A murɗa sitiyari har ƙarshe, a shafa tayar gaba da hannu daga waje zuwa ciki. Idan gefe ɗaya ya suɗe ya yi sulɓi, ɗaya gefen kuma zanensa na nan, to taya ba a tsaye take tafiya ba, jan ta ake yi a karkace. Hajiya mai motar haya, wannan dubawa ba ta bukatar bakanike. Ke ma za ki iya yin ta da safe kafin direba ya fita.

Akwai gwaji na biyu mai sauƙi. A sami fili, direba ya taho a hankali kamar tafiyar ƙafa, ya taka birki farat ɗaya, wani yana tsaye daga gefe yana kallon tayar gaba. Idan ta yi tsalle baya cikin ramin ta sannan ta dawo, babban silambulok ya saki.

Sai dai a yi hattara, ba kowace ƙara ce tasa ba. Rotil da ya mutu yana ƙara. Biyelet, ƴar sandar da ke haɗa ƙafa da sandar daidaito, tana ƙara. Amortisar da ya zubar da mansa yana ƙara. Rulma kuwa gurnani yake yi wanda ke ƙaruwa da gudu. Kafin a kashe ko dala, a ɗaga motar, a haska fitila, a zura ƙarfen cire taya tsakanin triyangil da jikin mota a ɗan banƙara. Lafiyayyar roba za ta ɗan motsa ta koma. Matacciya za a ga ta tsage, ko ta rabu da ƙarfenta, ko bututun ciki yana lilo.

A wurin saye

A Ferai ta Yamai da layukan masu kayan mota na Maraɗi, Damagaram da Tawa, iri huɗu ake miƙo wa mai saye. Akwai na asali a kwalinsa, shi ya fi tsada. Akwai sabo na wasu kamfanoni, cikinsu da nagari da jabu, kuma kwalin jabu ya kan fi kyau. Akwai triyangil na okaziyo da aka kwanto daga wata mota, da robarsa a jiki. Akwai kuma wanda masu sana'a ke yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota.

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da suka saba zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowa ya ji a aljihunsa, kuma masu mota da yawa suka karkata ga mai araha. Ba mu ga laifin kowa ba. Amma a san abin da ake saye. Ƙarfen okaziyo yana iya zama lafiyayye, robarsa kuwa sa'ar wadda ake son cirewa ce. Na yankan taya yana fitar da mutum kunya idan mota ta lalace a ƙauye, ya kai shi gari. Sai dai ba a manne yake da ƙarfe ba, kuma ya fi na asali tauri, don haka bugun da ya kamata ya shanye sai ya miƙa wa rotil da jikin mota. Araha ba ta ado.

Shawararmu uku ce. A tafi da katin mota, ko da tsohon silambulok ɗin a hannu, domin Corolla kala-kala ce kuma bambancin milimita 1 ya isa ya hana shi zama. A sayi na dama da na hagu tare, ko da ɗaya ne ya mutu, don kada ƙafa ɗaya ta yi tauri ɗaya ta yi laushi. Sannan a tambayi kuɗin triyangil sabo cikakke. Idan rotil ma ya gaji, ko ƙarfen ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, canza shi gaba ɗaya ya fi sauƙi, wani lokaci ma ya fi araha idan aka haɗa lissafi.

Motar da ba a taɓa wa a gida

Bayanin da ke tafe na ƙananan motoci ne waɗanda resor ɗinsu ke naɗe a jikin amortisar, irin su Corolla, Carina da Starlet. A cikinsu, cire triyangil ba ya sakin resor. Amma a Mercedes 190 da ƴan uwanta, resor a kan triyangil yake zaune, a matse da ƙarfin da zai iya karya hannu ko ya fasa kai idan ya kuɓuce. Tsofaffin Hiace da Hilux kuma da sandar ƙarfe mai murɗewa suke aiki, ita ma a ɗaure take da ƙarfi. Waɗannan a kai su garaji wurin mai kayan aikinsu. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kafin a shiga ƙarƙashi

Wannan shi ne sashen da ba a ciniki a kansa. Aikin kirik ɗaga mota ne, ba a yi shi don ya riƙe ta mutum yana kwance a ƙasa ba. Tsakar gidajenmu yawanci rairayi ne, kuma kirik a kan rairayi yana nutsewa a hankali, ya karkata, mota ta sauko ba sallama. A nemi daɓen siminti. In babu, a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashinsa.

Bayan an ɗaga, a tokare mota da shandal, wato ƙafafun ƙarfen nan da ake ajiye mota a kai. Ana iya aro a garaji. In ba a samu ba, gungumen icce mai ƙwari da aka yanke daidai ya fi komai. Kada a kuskura a yi amfani da bulon siminti ko tubalin ƙasa, domin ba sa gargaɗi, fashewa suke yi lokaci ɗaya. A ja birkin hannu, a sa giya, a dafe tayoyin baya gaba da baya da dutse ko icce. Tayar da aka cire a kwantar da ita a ƙarƙashin gefen mota, ta zama mai gadi na biyu. A girgiza motar da hannu a ga ko ta zauna. A kori yara daga wurin, kuma kada mutum ya yi aikin shi kaɗai a gida.

Yadda aikin yake

Tun daren jiya a fesa wa bulo da noti man sassauta tsatsa. Da safe a sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa, sannan a ɗaga. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto da salula, ta gaba da ta baya, domin ƙwaƙwalwa tana mantuwa idan ƙarafa suka taru a tabarma.

A fara raba triyangil da ƙafar taya. A Corolla da dama, rotil da bulo ɗaya da noti biyu aka ɗaure shi a triyangil, kwance su kawai za a yi. A wasu motocin sai an fitar da wuyan rotil, kuma a nan a kiyaye rigar robarsa, domin in ta yage ƙura za ta shiga ta kashe shi. Idan sandar daidaito a triyangil take ɗaure, a kwance ta. Daga nan a cire manyan bulo na jikin mota, a zaro triyangil. Kada a ja ƙafar taya waje da ƙarfi, kardan yana iya zarewa daga mazauninsa. Kada kuma a bar nauyin ƙafar ya rataya a tiyon birki. A ɗaure ta da waya.

Yanzu a dubi tsohon silambulok da kyau tun bai fita ba. Babban yakan zo da ramuka biyu a cikin robar, ko ƴar kibiya a bakinsa. Ba ado ba ne, an yi shi ne ya yi laushi ta wani gefe, ya yi tauri ta wani. A sa alama da fenti ko a karce ƙarfen da ƙusa, domin sabon ya zauna daidai yadda tsohon yake. Wanda aka dasa a juye ba ya daɗewa.

Fitar da tsohon shi ne wahalar aikin, domin da ƙarfin inji aka dasa shi. Hanya mafi sauƙi: a ɗora triyangil biyun a kan kabu-kabu a kai wa mai pires, ya fitar da tsofaffi ya dasa sababbi cikin ƴan mintoci. Ladansa kaɗan ne a kan na aikin gaba ɗaya. Wanda ya nace sai a gida, ya nemi dogon bulo mai zare tun daga sama har ƙasa, da wasa masu kauri, da guntun bututu biyu: ɗaya daidai bakin zoben waje don turawa, ɗaya mai faɗi don karɓa. Yana ɗaure noti, silambulok yana fita a hankali. In ya ƙi, a huda robar a fitar da bututun ciki, a zura zarton ƙarfe a yanka zoben waje kaɗai, a tsaya tun zarto bai taɓa triyangil ba, sannan a buge shi.

Mun sha ganin ana cinna wa robar wuta, ko a hura mata wutar mai walda har ƙarfe ya yi ja. Sauri ne, amma zafi yana rage ƙarfin triyangil, kuma ƙarfen da ya ci wuta ba ya nunawa a ido sai ranar da ya lanƙwashe a rami. Hayaƙin ma guba ne.

A goge ramin da takardar yashi har ya yi haske. A daidaita sabon da alamar da aka yi, a tura shi miƙe. Zoben waje kaɗai ake turawa. Wanda ya daki bututun ciki da guduma ya yaga robar tun ba ta fara aiki ba. Idan irin wanda babu zoben ƙarfe ne, roba zalla, a shafa masa ruwan sabulu ya sulale. Ban da baƙin mai, ban da giris.

Kuskuren da ya fi yawa

Ga inda har makanikai masu gaggawa suke tuntuɓe. Bayan an mayar da triyangil, bulon da ke kwance wanda ya ratsa cikin silambulok ba a ɗaure shi tamau mota tana sama. A ɗaura shi da hannu kawai, a sa taya, a sauke mota, a danna gabanta sau biyu ko uku ta zauna da nauyinta, sannan a ɗaure shi ɗaurin ƙarshe. In hannu ba ya shiga, a hau da tayoyin kan katako mai kauri, ko a je bakin ramin garaji.

Dalili kuwa shi ne, lokacin da mota take sama ƙafarta a sake take, ta yi ƙasa. Idan aka ɗaure a haka, ana saukewa robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana ko mota tana ajiye. Kamar zane ne da aka matse aka bar shi a matse. Cikin ƴan watanni ta tsage, mai mota ya koma ya yi wa mai shago faɗa cewa jabu ya sayar masa, alhali ɗauri ne ya kashe ta. Wanda ya samu kile mai awon ɗauri ya bi adadin da littafin motar ya faɗa. A mayar da kowace ƴar ƙusar makulli ta rotil, in ta karye a sa sabuwa.

Aikin bai ƙare ba sai an je faralelisim, wato saitin tayoyin gaba. Tsohuwar roba ta riga ta ja taya gefe, sabuwa ta dawo da ita wani wurin, don haka tsohon saiti ya tashi. Wannan ba a yin sa da ido a ƙofar gida. Wanda ya tsallake shi ya sayi roba sabuwa amma taya za ta ci gaba da suɗewa. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku, a sake bin kowane bulo da notocin taya da kile.

Ga masu mota da masu bin mota

Ba kowane ɗan kasuwa ne zai kwanta ƙarƙashin mota ba, kuma iyayenmu mata da suka tara kuɗin adashi suka sayi motar haya ba a ce su riƙe kile ba. Amma sanin aikin yana hana cuta. Idan direba ya zo ya ce an canza silambulok, Hajiya ki ce ya kawo tsofaffin ki gani. Ki tambaye shi guda nawa aka canza, dama da hagu ne ko gefe ɗaya. Ki tambaye shi a sama aka ɗaure ko a ƙasa. Ki nemi takardar wurin saiti. Bakaniken da ya ji waɗannan tambayoyi ya san mai motar ba a barci take ba.

Ga lissafin da kowa zai iya yi a kasuwar garinsu: a tambayi kuɗin silambulok huɗu da ladan pires da na saiti, a haɗa. Sannan a tambayi kuɗin tayoyin gaba biyu, a ƙara da cinikin ranar kasuwa guda da aka rasa saboda mota ta kwana a hanya da tumatir ko albasa a ciki. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a faɗa masa wanne ya fi nauyi.

Abin ma ya wuce kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ke kan gaba. Motar da ke fizga gefe idan an taka birki, ranar da jaki ko yaro ya ratso hanya, ba direba ne zai zaɓi inda za ta nufa ba. Mu fasinja ma muna da baki. Idan muka ji ƙwal ɗin nan, mu yi wa direba magana da girmamawa, mu ce malam direba, a duba ƙafar nan kafin kasuwa mai zuwa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.